Bikin Kaka a Ƙasar Haɗejiya: Asalinsa da Sauye-sauyensa



Gabatarwa

Kowace shekara, ran 22 ko 23 ga watan Satumba, rana takan daidaita bisa tsakiyar duniya, tsawon dare da na yini su zo kusan ɗaya a ko'ina. Malaman hisabi suna kiran wannan i'itidali. A wannan rana akwai waɗansu mutane a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turawa da sukan taru a lambu, ko a kurmi, ko cikin ɗaki, su jera tuffa da burodi da zangarkun alkama, su kunna kyandir, su yi godiya saboda amfanin gona. Mutanen nan sun ce addinin kakanninsu na kafin zuwan Kiristanci suke farfaɗowa, watau in da Bahaushe ne zai raɗa musu suna, sai ya ce sababbin Maguzawa. A cikin wannan mako kuma manomin Malam Madori ko na Garun Gabas yana gona da magirbinsa, gero ya nuna, yara suna gasa tumu. Bai san da wani i'itidali ba, rashin sanin kuwa bai rage masa ko dami ɗaya ba.

Na ɗauko waɗannan mutane biyu ne don in kafa hujjar da zan bi a wannan lacca. Hujjar ita ce, bikin kaka na ƙasar Hausa ba shi da tsayayyar rana a kalanda, domin kuwa ɗan amfanin gona ne. Ruwan sama da ruwan kogi su ke sa masa lokaci, abin da ya shiga rumbu shi ke sa masa girma, rabon da aka yi wa jama'a kuma shi ne ransa. Duk abin da ya taɓa ɗayan waɗannan ya taɓa bikin. Zan fara da labarin Turawan don mu sami abin gwadawa, sa'an nan in dawo gida mu bi tarihin kaka a ƙasar Haɗejiya, tun daga zamanin tsafi har zuwa zamanin madatsun ruwa. Maganar ta shafe mu duka, musamman ma'aikatan da akan ɗora wa nauyin shirya bukukuwan al'ada da sunan gwamnati.

Bikin da aka ƙaga a Turai

Tarihin wannan biki gajere ne. A 1951 Majalisar Ingila ta soke tsohuwar dokar da ta hana da'awar maita da sihiri. Bayan shekara uku, watau a 1954, wani tsohon ma'aikacin kwastan na mulkin mallaka a Malaya, mai suna Gerald Gardner, ya buga littafi inda ya ce ya tarar da ragowar wani tsohon addini da ya ɓuya tun zamanin da, wanda aka sani yanzu da sunan Wicca. Kafin shekarun 1950 su ƙare, mabiyansa sun tsara wa kansu bukukuwa takwas a shekara. Huɗu sun samo su daga tsofaffin ranakun shekara na mutanen Ailan da maƙwabtansu, huɗu kuma suka ɗora su kan tafiyar rana, watau yini mafi tsawo, da yini mafi gajarta, da i'itidali biyu na Maris da Satumba. Sunan da aka fi kiran na Satumba da shi, Mabon, wani Ba'amurke ne mai suna Aidan Kelly ya laƙaba masa a shekarun 1970, ya aro shi daga sunan wani gwarzo na hikayoyin mutanen Wales. A ƙidayar 2021, mutum wajen 74,000 a Ingila da Wales suka rubuta cewa addinin gargajiya suke bi, waɗansu wajen 13,000 kuma suka ce su 'yan Wicca ne.

To, masana tarihi sun bi diddigin lamarin. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, a littafinsa na 1996 kan bukukuwan shekara a Birtaniya, ya nuna babu shaidar cewa mutanen da na wannan ƙasa suna yin wani biki a ranar i'itidalin Satumba. Abin da manoman Ingila suka saba shi ne, ranar da aka ɗauko kayan ƙarshe daga gona, mai gona ya yi wa ma'aikatansa walima, a ci a sha a yi rawa. Wannan rana kuwa takan sauya daga ƙauye zuwa ƙauye, daga shekara zuwa shekara. Ko bikin godiyar girbi da suke yi a coci, ana danganta farkonsa ne ga wani limamin Kirista, Robert Hawker, wanda ya kira jama'arsa don yin sa a ƙauyen Morwenstow a 1843.

Ban kawo wannan don in yi wa kowa ba'a ba. Na kawo shi ne saboda darasin da ke ciki. A Ingila ta yau, waɗanda ke cin abinci da noma ba su kai biyu cikin ɗari ba. Mutumin da ya tashi a birni, ba shi da gonar da zai leƙa ya ga ko hatsi ya nuna, tilas ya nemi wani abin da zai sa masa rana, sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Ga shi kuma a ƙasashensu sauyin tsawon yini abu ne da kowa ke ji a jikinsa: a London yinin ƙarshen Yuni ya wuce awa 16, na ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. Saboda haka ranar da dare ya kamo yini, a wurinsu alama ce babba ta gabatowar sanyi da duhu.

Agogon manomin Hausa

Mu a nan ba haka abin yake ba. Malam Madori tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Yininta mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta ya wuce awa 11, bambancin duka wajen awa ɗaya da rabi ne. Wannan bai isa ya sa manomi ya ajiye fartanya ba. Abin da ke kasa masa shekara shi ne ruwa da iska, shi ya sa sunayen lokutanmu duka a kansu suka tsaya: bazara, damina, marka, agazari, kaka, hunturu, rani.

Manomi yana da lissafi iri biyu. Na farko shi ne watannin manoma, waɗanda akan fara ƙirgawa daga ɗaukewar ruwa da shigar kaka, a sa ran sabon ruwa a watan bakwai. Tun da kowace shekara sabon ƙirge ake yi, wannan lissafi ba ya zamewa daga damina kamar yadda watannin Hijira ke ja da baya da kwana 11 a shekara. Na biyu shi ne lissafin taurari 28 da malamai suka samo daga littattafan Larabawa, kowane tauraro da kwana 13, bakwai-bakwai ga kowane lokaci. Haƙ'a da Han'a da Zira'a su ke buɗe damina, Sarfa kuma ta buɗe kaka. Amma ko malamin da ya fi kowa sanin hisabi, in ya je gonarsa, zangarniya yake murzawa ya ga ko ƙwaya ta yi ƙwari kafin ya sa magirbi.

A ƙasar Haɗejiya kuma akwai wani ƙari. Ƙasar nan kashi biyu ce. Akwai tudu mai rairayi a arewa, inda Malam Madori da Kaugama da Birniwa suke, akwai kuma fadama, inda Auyo da Guri da Kirikasamma suke. Kogin Haɗejiya, wanda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka haifa, idan ya iso cikin tuddan rairayi sai ya rarrabu ya bazu, kafin ya haɗu da Kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Da can ambaliyarsa takan iso a watan Agusta, ta cika, ta soma janyewa bayan ɗaukewar ruwan sama. Saboda haka kaka a wannan ƙasa jere take zuwa. Gero ya fara a Satumba, gyaɗa da wake su biyo, dawa da maiwa su shigo a Nuwamba da Disamba, shinkafar fadama a yanke ta bayan ruwa ya ja. Sa'an nan masunta su shiga tafkunan da suka rage, manoma su bi danshin da ruwa ya bari su yi wata shuka, Fulani su sauko da shanu su ci karmami da ciyawar fadama, su bar taki. Wace rana ɗaya ce za ta ɗauke wannan duka?

Bukukuwan kaka a zamanin tsafi

Ƙasar da muke magana a kanta tsohuwa ce ƙwarai. Garun Gabas, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Malam Madori, ita ce Biram ta Hausa Bakwai. Auyo tana da sarautarta da harshenta, wanda ya ɓace cikin Hausa kamar yadda na Shirawa da na Teshenawa suka ɓace. Akwai Badawa da Gizimawa da Mangawa da Fulani. Kafin Jihadi, ƙananan sarautun yankin suna bin Barno ne ta hannun Galadima da ke Nguru, ta wannan hanya kuma Musulunci ya shigo fadodi tun da wuri. Amma tsakanin musuluntar fada da musuluntar gona akwai ƙarnuka. Bayanin da ya fi cika kan yadda manoman Hausa ke tarbar kaka a tsohon addini ya zo mana ne daga ƙasashen Kano da Katsina da Maraɗi: Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946, Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin Arnan kwarin Maraɗi, babban littafinsa ya fito a 1975, malamanmu na Hausa kuma sun tattara nasu a littattafai irin su Zaman Hausawa.

Maguzawa sun yarda akwai Allah wanda ya halicci kome, amma hulɗarsu ta yau da kullum da iskoki ce. Mai gida shi ne shugaban gandu, shi ne kuma mai yanka. Kafin shuka da bayan girbi yakan yi wa iskokin da gidansa ya gada yanka, irin su Uwar Gona da Kure, kowane iska da irin dabbarsa da launinta. Jini na iska ne, nama na iyali. Masu zama bakin ruwa kuma suna da Sarkin Rafi. Daga wannan tushe bukukuwa suka fito, zan ambaci huɗu.

Na farko shi ne shan kabewa. Wannan bikin 'yan bori ne, akan yi shi idan kabewa ta nuna. Ba su taɓa sabuwar kabewa sai an taru, an yi kiɗan garaya, an ba iskoki rabonsu, sa'an nan kowa ya ci. Na biyu shi ne dubu. Manomin da ya noma dami dubu yakan tara jama'a, ya buɗe rumbunansa ya yi ta kyauta ga makaɗa da maroƙa da dangi da baƙi, da wannan ne yake cin sunan Sarkin Noma. Nicolas ya bayyana wannan biki a Maraɗi. Ku lura, noma dubun kaɗai bai isa ba, sai an ga ya rabar. Na uku ita ce kalankuwa, bikin samari da 'yan mata bayan an kai amfani gida, inda ƙauye ke gayyatar ƙauye, a yi kiɗa da rawa da dambe da kokawa, matasa su naɗa sarakunansu na wasa su yi mulkin 'yan kwanaki. Na huɗu ita ce buɗar dawa, ko buɗin daji, a wajen wata na huɗu na manoma. Kafin a yi ta ba mai shiga farauta, a wurinta kuma bokaye ke faɗin abin da suke tsammanin shekara za ta zo da shi. An san garin Masalata, kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, da wannan biki. Wanda ya karanta Tarihin Kano zai tuna da Barbushe, wanda mutanen Dala ke kai wa baƙaƙen dabbobi, ya shiga wurin Tsumburbura ya fito ya faɗa musu labarin shekara.

In muka warware waɗannan bukukuwa za mu ga igiya uku aka tufka: tsafi, da rabo, da wasa. A ƙarƙashin tsafin kuma akwai doka ta zaman duniya. Hanin taɓa sabon amfani yana kare gona daga yunwar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa na sha'awar ya faɗa wa hatsi tun yana ɗanye. Hanin shiga dawa yana tsare amfanin da ba a kwashe ba daga wutar mafarauta, ya kuma ba namun daji sarari. Haka nan hanin su kafin Sarkin Ruwa ya ba da izini yana ba kifi lokacin girma. Mutanen da ba su da ofishin gona ko na gandun daji, sai suka sa tsoron iska ya yi musu aikin ɗan doka.

Abin da Musulunci ya kawar da abin da ya bari

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, zuwa 1808 kuma Sambo ya kafu a Haɗejiya. A littattafansa, irin su Nurul Albab, Shehu ya yi kakkausar suka ga masu da'awar Musulunci alhali suna yi wa itatuwa da duwatsu yanka. Saboda haka igiyar farko, watau tsafi, ita aka tsinke. Maguzawan da suka zauna kan addininsu an ba su amana suna biyan jiziya, sauran jama'a kuma suka bar yankan, ko suka mai da shi sadaka.

Igiyar rabo kuwa sai ma aka ƙara mata ƙarfi, aka mai da ita farilla. Suratul An'am, aya ta 141, ta yi umurni da fitar da hakkin amfanin gona ranar girbinsa. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun tsai da nisabi a wusƙi 5, watau sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ko ambaliya ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka sha wahalar ban-ruwa a fitar da ɗaya cikin ashirin. Manomi ya sauƙaƙa wa kansa lissafi, ya ce dami ɗaya cikin goma. Bayan zakka ga sadakar sabon hatsi ga liman da malamin allo, ga damin maƙeri da na wanzami, ga kala da akan bar wa tsofaffin mata da yara su tsinta. Da kaka ne kuma almajirai ke ɗaukar allo su nufi gabas neman karatu, domin sun san za su tarar da tsaba a gidajen mutane.

Igiyar wasa ita ma ta rayu, ko da yake malamai ba su daina yi mata wa'azi ba. Kalankuwa da dambe da kokawa sun ci gaba, aure kuma ya zama na kaka, tun da a lokacin ne ake da abin yi. Akwai wani abin lura a nan. Sallolin Musulunci biyu suna bin wata ne, suna zagaya damina da rani cikin shekara wajen 33. Saboda haka ba wata ranar addini da ta zauna a kan kaka. Godiyar girbi ta koma cikin zakka da sadaka da addu'a, murnarsa kuma ta zauna a dandali.

Dogo da gyaɗa

A watan Afrilu na 1906 Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. Abin da ya fi taɓa kaka cikin mulkin da ya biyo baya shi ne haraji na kuɗi, wanda ake karɓa daidai lokacin da amfani ya zo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, a 1930 kuma dogo ya kai Nguru. A kan wannan hanya Malam Madori ta zama tashar Haɗejiya. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da sikeli, dillalai suka bazu ƙauyuka, aka yi ta tara buhuna har garin ya shiga cikin wuraren da aka gina dalar gyaɗa.

Daga nan ma'anar kaka ta soma sauyawa. Da can girman manomi yawan daminsa ne da yawan waɗanda suka ci a gidansa, yanzu sai ya zama nauyin buhunsa a sikeli. Talaka yakan ci bashi da marka ya biya ninki da kaka, ya sayar da hatsinsa lokacin da ya fi araha don haraji da biki, ya dawo ya saye shi da tsada a bazara. Polly Hill ta nuna wannan dalla-dalla a nazarinta na Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1972. Samarin kalankuwa ma ba a bar su a baya ba, domin a cikin sarautunsu na wasa sai ga Gwamna da Razdan da Di'o da alƙali da ɗan doka, ana kama mutane ana cin su tara ana dariya. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin irin wannan a ƙauyen Bomo, kusa da Samaru. Watau dandalin kaka ya zama wurin da talaka ke kwaikwayon masu mulkinsa.

Zamanin gyaɗa bai daɗe ba. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa a 1975, suka durƙusar da ita, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. A tudun Jigawa riɗi da zoɓo suka maye gurbinta a matsayin amfanin sayarwa.

Ruwa ya sauya hali

Sauyin da ya fi kowane girma a fadama daga sama ya gangaro, watau daga ƙasar Kano. An gama madatsar Tiga a 1974, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, an gama madatsar Challawa a 1992. Manufar mai kyau ce: ruwan sha ga birnin Kano da noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗejiya. Amma kogin da ya saba cika da damina ya ƙafe da rani, sai ya koma mai gudu kaɗan-kaɗan duk shekara. Faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa, wanda ya kai murabba'in kilomita 2,000 ko fiye a ƙarshen shekarun 1960, ya faɗi ƙasa da 1,000 a shekarun 1980 da farkon 1990, fari da madatsu suka haɗu a kansa. Masanan da suka yi aiki da shirin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda aka fara a 1987, irin su Edward Barbier da William Adams, sun auna suka nuna cewa ruwan da aka bari ya bazu a fadama, in an haɗa shinkafa da kifi da itace, ya fi ba da amfani nesa ba kusa ba bisa ga ruwan da aka tsare don manyan gonakin ban-ruwa.

Rashin ƙafewar kogi kuma ya ba ciyawar kacala wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana shi zuwa inda ake bukatarsa, ta tura shi inda ba a so, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Da ruwan sama ya dawo da ƙarfi a shekarun baya-bayan nan, sai abin ya juye: a 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗejiya, a daidai watannin da ya kamata a ce ana ɗaurin dami. Wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ba ya kiran makaɗi.

Har ila yau, injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse sun kawo kaka ta biyu, ta alkama da shinkafa da albasa da tumatir, a ƙarshen rani. Wannan alheri ne, ba mai musu. Sai dai ya cinye hutun da kalankuwa ke rayuwa a cikinsa, domin saurayin da ya gama sussuka yau, gobe yana fadama yana gyaran kwami. Ya kuma rufe wuraren da shanu suka saba sauka bayan girbi, rigimar manomi da makiyayi ta ƙaru a lokacin da da can musayar taki da karmami ake yi.

Kammalawa

Jama'a, mun ga yadda waɗansu Turawa da suka rabu da gona suka ƙaga bikin girbi suka ɗaure shi a kan tafiyar rana. Mun ga kuma namu bikin, wanda Musulunci ya tsarkake daga tsafi ya tabbatar da rabonsa, kasuwa ta rage masa rabon, sauyin ruwa kuma ya rikita masa lokaci. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kai, tun ma daga bikin FESTAC na 1977, sha'awar raya al'adu ba ta gushe ba a ofisoshinmu. Tsorona shi ne kada mu ma mu wayi gari muna yin irin na mutanen birnin London, mu sa rana a takarda, mu ɗauko samari a mota mu ba su fartanyar da ba ta taɓa ƙasa ba. Saboda haka ina da shawarwari huɗu.

Na farko, ga ɗalibai. Dattawan da suka yi kalankuwa a ƙuruciyarsu suna nan a Malam Madori da Auyo da Guri, amma ba za su dawwama ba. A je a ɗauki maganarsu, a rubuta sunan ƙauye da shekara, a tambayi mata kamar yadda ake tambayar maza, domin su suka san lissafin rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a faɗi gaskiyar tarihi. Kakanninmu sun yi tsafi, sun bar shi bisa sani. Ɓoye wannan ƙarya ce, ƙaga musu abin da ba su yi ba ita ma ƙarya ce. Malami yana iya bayyana shan kabewa a aji ba tare da ya kira kowa zuwa gare shi ba.

Na uku, ga masu shirya biki. A bar manoma da masunta da sarakunansu su sa rana. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, an ajiye shi ne a ƙarshen hunturu, lokacin da ruwa ya ja kifi ya taru, kuma Sarkin Ruwa bai rasa matsayinsa a cikinsa ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ga ma'aikatan ruwa da na gona. Sakin ruwa daga madatsu a lokacin da fadama ke bukatarsa, da yashe hanyoyin da kacala ta toshe, da faɗakar da mutane kafin ambaliya, da tsare burtalin shanu, da tsara karɓar zakkar hatsi ta isa ga masu ita, waɗannan su ne ainihin aikin raya bikin kaka. Idan rumbu ya cika, maƙwabci kuma ya samu, samarin Malam Madori ba za su jira takardar izini daga Dutse ba kafin su kira mai kalangu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.